An yanke mana gas a Ingila ga sanyi ya shigo: tambayoyi da amsoshi kan dawo da shi, da abin da za a ji ɗumi kafin nan

Duk shekara da an shiga watan Oktoba wayata bata hutawa, wannan ya kira yace boila, wato na'urar da ke ɗumama gida da ruwa, ta ƙi tashi, wancan yace sun tare sabon gida ba gas, wata baiwar Allah tace ta sa fam ashirin a mita amma ko shayi bata dafa ba kuɗin ya ɓace. Yawanci ƴan uwa ne sabbin zuwa, ɗalibai da masu aikin jinya da na kula da tsofaffi. Ni ba injiniyan gas bane, daɗewa kawai nayi a arewacin Ingila kuma na sha wuya a kan wannan harkar, shi yasa nace bari in tara tambayoyin wuri ɗaya in huta da maimaici. Abin da na rubuta ya shafi Ingila da Sikotlan da Wales ne, Ireland ta Arewa tsarinsu daban.

Yaya, gas ya ɗauke gaba ɗaya, wa zan fara kira?

Kafin ka kira kowa ka tsaya ka gane daga ina abin ya tsaya, don nan ne mutanenmu suke ɓata kwana uku suna kiran wanda ba huruminsa ba. A gida mun saba da NEPA, komai ya faru ita ake zagi. Nan kuwa hannu uku ne. Akwai kamfanin da kake biya kuɗi, su British Gas, Octopus, EDF, E.ON Next, OVO da sauransu, su ne masu mita da bil. Akwai masu bututun da ya taso daga titi zuwa mitarka, waɗannan baka zaɓensu, unguwarka ce take zaɓa maka: Manchesta da Birmingham da arewacin Landan na Cadent ne, Leeds da Bradford da Newcastle na Northern Gas Networks, Sikotlan da kudancin Ingila na SGN, Cardiff da Bristol kuma Wales & West Utilities. Sai na uku, duk abin da yake bayan mita zuwa cikin gida, bututu da boila da murhu, wannan na mai gida ne, in haya kake to landilod ne zai kawo injiniya.

Toh gwajin mai sauƙi ne. Kunna murhun girki. In ya kama, gas yana nan, boilarka ce take da matsala. In bai kama ba leƙa mita, in ta kati ce duba ko kuɗi ya ƙare. In da kuɗi duba hannun da ke jikin bututu kusa da mitar, in yana miƙe a layi ɗaya da bututun a buɗe yake, in ya gitta a rufe yake. In duk wannan lafiya lau sai ka ƙwanƙwasa wa maƙwabci, in shi ma babu to daga titi ne.

In naji warin gas fa?

Wannan ba a jira, ba a kiran landilod, ba a kiran ni. 0800 111 999, kyauta ne, dare da rana. Ka buɗe ƙofa da tagogi, ka gitta hannun nan na jikin mita in zaka iya kaiwa lafiya, kada ka kunna ko ka kashe makunnin wutar lantarki ko ɗaya, ba ashana ba sigari ba turaren wuta, ka kwashi yara ku fita waje, daga wajen zakayi waya. A Ireland ta Arewa lambar 0800 002 001 ce.

Amma ka sani, masu zuwa ɗin aikinsu su tsare rai ne kawai. In yoyon a cikin gidanka yake sau da yawa toshe gas ɗin zasu yi su tafi, gyara ya koma kan mai gida. Mutane suna jin haushin wannan, har na san wanda yace da ya sani da bai kira ba. Gara ka kwana da rawar ɗari.

Na loda kati, kuɗin ya shiga, amma har yanzu ba gas. Sun cinye min kuɗi ne?

Abu biyu ne. Na farko mitar gas bata sakin iska da kanta bayan ta rufe, saboda tsaro, kar ace ka bar murhu a buɗe. Sai ka kashe duk abin da ke amfani da gas, ka sa katin, sannan ka danna maɓalli ka riƙe har ta buɗe, a yawancin mitoci maɓallin A ne, zaka ji ta yi ƴar ƙara. In simat mita ce kuma ka biya ta waya kuɗin bai iso ba, akwai lamba mai tsawo guda 20 a jikin rasit ɗin, ita zaka shigar da hannu.

Na biyun shi yafi cin mutane. Akwai kuɗin da ake yanka kullum ko ka kunna gas ko baka kunna ba, standin caj. A ce kwabo 30 ne a rana, kwabon Ingila nake nufi wanda 100 ke yin fam ɗaya. Mutum ya ga bazara ta shigo, murhunsa na lantarki ne, wanka da shawan lantarki, sai ya daina loda katin gas tun Afrilu. Kwana 180 kenan kafin Oktoba, kaga fam 54 ya taru a kai shiru. Ranar da ka sa fam 20 mita zata fara da karɓar bashinta. Ni ma shekarata ta farko haka aka min, na koma shagon da na loda ina ta faɗa da yaron kanti, shi kuwa bai san hawa ba bai san sauka ba. Maganinsa ko a bazara kake ka riƙa jefa mata ɗan wani abu duk wata.

Wallahi bani da kuɗin lodawa sai ƙarshen wata, ga yara. Ya zanyi?

Kusan kowace mitar kati tana da bashin gaggawa da zaka iya kunnawa da kanka in kuɗi ya yi ƙasa, za a cire in ka sake lodawa. In shi ma ya ƙare ka kira kamfanin ka faɗa masu a fili cewa gas ya yanke, akwai ƙananan yara ko mara lafiya a gidan, kuma baka da halin lodawa. Tun ƙarshen 2020 hukumar Ofgem, mai sa ido kan kamfanonin gas da wuta, ta wajabta masu su duba ba irinka ƙarin bashi, kuma su tsara biya daidai ƙarfinka. Bashi ne dai ba kyauta ba. Kar kaji kunya dan Allah, wanda ke ɗaga wayar bai san danginku a Zariya ba.

Bayan nan akwai Citizens Advice, ƙungiyar agaji mai ba da shawara kyauta, suna iya tura ka inda ake ba da takardar loda mita kyauta ta Fuel Bank Foundation, wasu masallatai da wuraren rabon abinci ma suna da hanyar.

Bizata an rubuta ba ni da haƙƙin kuɗin gwamnati. Neman taimakon nan bazai taɓa min takardu ba?

Tambaya mai kyau, kuma a nan a yi hattara. Kuɗin da gwamnati ke bayarwa in sanyi ya tsananta, fam 25 ɗin nan na Ingila da Wales na duk kwana bakwai da aka yi a sifili ko ƙasa, da kuɗin hunturu na tsofaffi, waɗannan suna cikin abin da aka hana mai irin bizarka. Amma bashin gaggawa na mita, tsara biyan bashi da kamfani, shawarar Citizens Advice, taimakon ƙungiyoyin agaji, duk ba kuɗin gwamnati bane. Na kansil, wato ƙaramar hukuma, ne nake cewa ka tambaya tukuna kafin ka cika fom, ka faɗa masu irin bizarka su gaya maka.

Sannan akwai rajistar da nake roƙon kowa ya shiga, Priority Services Register. Kyauta ce, bata da alaƙa da biza. In akwai yaro ƙasa da shekara biyar a gidan, ko mai ciki, ko tsoho, ko mai ciwo mai tsawo, ko ma wanda Turanci ke ba wahala, kun cancanta. Amfaninta in gas ya yanke daga titi ku ake fara dubawa, kuma masu bututu zasu kawo maku hita da ɗan murhun lantarki ku riƙe.

Mun tare sabon gida, an ce gas ɗin capped ne. Meye wannan kuma?

Toshe shi aka yi. Injiniya ya sa wani ɗan faifai a bakin mitar yadda iska bazata wuce cikin gida ba. Ana yawan yin haka a gidajen kansil da na ƙungiyoyin gidaje in mai haya ya tashi, ko in an zo binciken shekara an tarar ba kuɗi a mita, ko an ga yoyo. Yadda ake buɗewa: ka fara yin rajista da kamfanin gas da sunanka, ka tabbatar akwai kuɗi a mitar gas da ta wuta duka biyun, don boila bata tashi ba lantarki, sannan ka kira mai gida ya turo injiniya. In ya zo zai cire faifan, ya gwada ko bututu na yoyo, ya fitar da iskar da ta shiga bututun, ya kunna boila da murhu ya ga yadda suke ci. Aikin baya daɗewa, jiran zuwansa ne wahala, kuma in ya zo ya tarar mita ba ko kwabo juyawa zai yi ka koma layi.

Ranar da ka karɓi makulli ka ɗauki hoton lambobin mita. In mitar kati ce kada ka yi amfani da katin wanda ya tashi, ka kira a baka naka a share tsohon lissafi, in ba haka ba bashinsa zaka yi ta biya kana murna. Bashin wanda ya tashi ba naka bane. In baka san kamfanin da ke ba gidan gas ba, shafin Find My Supplier zai nuna maka da adireshi kawai, har da lambar mitar gidan da suke kira MPRN, rubuta ta ka ajiye don duk wanda ka kira sai ya tambaya.

Namu ma mitar ce babu gaba ɗaya, bututu ne kawai a akwatin.

Toh nan labari ya canza, kuma tsawon lokacin da aka cire ta shi ne magana. In bututun titi yana da rai, kamfanin gas ka zaɓa su turo a sa sabuwar mita, sai injiniyanka ya haɗa ta da cikin gida. Amma dokar tsaron gas ta 1998 ta ce in an cire mita aka yi wata 12 ba a mayar ba, a yanke bututun tun daga can waje. In haka ta faru ba maganar dawowa ake ba, sabon jan layi ne daga masu bututu, da fom da kuɗi da haƙa, wani lokaci har sai kansil ta yarda a fasa titi. Makonni ake yi ba kwanaki ba, kuɗin kuma ɗaruruwan fam ne, yana iya haura dubu in gidan da nisa da babban bututu. Kafin komai ka nemi masu bututu su zo su duba ko layin na da rai ko ya mutu.

Mai sayen gida ya bincika wannan kafin ya sa hannu. Mai haya kuwa ba naka bane, na mai gida ne.

Wani abu, ba kowane bene ake ja wa gas ba. Tun fashewar Ronan Point a gabashin Landan a 1968, bene mai hawa 22 da gefensa ya rufta saboda gas har mutum huɗu suka rasu, ake tsaurara wa irin waɗannan dogayen gidajen, wasu an cire masu gas kwata-kwata. In naku irinsu ne kar ka wahalar da kanka.

Akwai wani ɗan uwa da ya iya aikin, a gida shi ke haɗa wa mutane silinda. Ba sai ya cire toshiyar ba mu huta?

A'a. Ko ɗan uwanku ne uwa ɗaya uba ɗaya. A ƙasar nan ba mai taɓa aikin gas sai wanda ke cikin rajistar Gas Safe, wadda ta maye gurbin CORGI a 2009, kuma kowannensu na da kati mai hoto da lamba, a bayansa an rubuta irin aikin da aka yarda ya yi, don wani an yarda masa murhu ba a yarda masa boila ba. Ka ce ya nuna maka, ba rashin kunya bane, sun saba.

Maganar zagaye mita kuwa irin wadda ake wa ta wuta a gida, kar ma ka bari shaiɗan ya raya maka. Sata ce a doka, ana ɗaure mutum a kai, kai kuma da kake kan biza ka san abin da ke biyo baya. Wannan ma mai sauƙi ne. Gidajen nan a manne suke da juna bango ɗaya, in naka ya tashi da na maƙwabta zai tafi, mutanen da basu ci ba basu sha ba.

Kamfani na iya yanke min gas saboda bashi?

Doka ta basu dama amma da sharuɗa, kuma yanzu da wuya su kai can. Sai sun baka kwana 28 bayan sun nemi kuɗinsu, sannan sanarwar kwana bakwai. Daga 1 ga Oktoba zuwa 31 ga Maris ba a yanke wa ɗan fansho da ke zaune shi kaɗai, ko wanda daga tsofaffi sai yara ƴan ƙasa da 18 a gidan. Abin da suka fi yi shi ne su maida ka mitar kati, ka riƙa yanke wa kanka da kanka. A farkon 2023 an yi babban abin kunya da aka gano ana fasa gidajen marasa ƙarfi ana sa masu mitar dole, daga nan Ofgem ta hana a yi wa gidan da ke da yaro ƙasa da shekara biyu, ko tsoho da ya haura 75 ba mai kula da shi, ko mai ciwon da sanyi zai iya kashe shi.

Wasiƙunsu ne dai kar ka riƙa tarawa a bayan firij. In kuna rigima a kan bil ka shigar da ƙorafi a rubuce, bayan mako takwas ba a warware ba ka kai Energy Ombudsman, masu raba gardama tsakaninka da kamfani, kyauta. Kuma in laifinsu ne basu caje ka daidai ba, basu da ikon bin ka abin da ya wuce wata 12 baya.

Landilod ya ƙi gyara boila yau kwana goma, har yace in na matsa zai rufe gas ɗin.

Gyaran boila da ruwan zafi wajibinsa ne a doka, a Ingila ƙarƙashin dokar haya ta 1985, ba alfarma yake maka ba. Duk shekara kuma sai ya kawo injiniyan Gas Safe ya duba kayan gas ya baka takardar cikin kwana 28, sabon mai haya kuwa tun kafin ya tare. Rufe maka gas don ya kore ka laifi ne da ake kai mutum kotu a kai. Ka daina yi masa waya kawai, rubuta masa saƙo mai kwanan wata, ka ce ya kawo hita kafin a gyara, in ya share ka kai ƙara sashen kula da lafiyar muhalli na kansil ɗinku. Kuɗin haya dai kar ka riƙe, kai zai koma wa.

Na san inda abin yake da nauyi, sau da yawa mai gidan namu ne, ko Alhajin da kuke sahu ɗaya a masallaci, sai kunya ta hana magana. Toh ka yi masa da ladabi, amma a rubuce.

Gas ɗin na nan, boilar ce ta nuna wasu lambobi ta tsaya. Akwai abin da zan iya da kaina?

Ƴan kaɗan. Duba agogon matsin ruwa a gabanta, in tana sanyi allurar ta zauna tsakanin 1 da 1.5, in ta faɗi ƙasa akwai ɗan famfon ƙara ruwa, littafin boilar ya nuna yadda ake yi. In daren jiya an yi ƙanƙara, leƙa waje akwai farin bututun roba da ke zubar da ruwan boila, daskarewa yake, zuba masa ruwan ɗumi ba tafasasshe ba sannan ka danna maɓallin sake tashi. In rediyeta, ƙarfen jikin bango da ke ɗumama ɗaki, ƙasanta zafi samanta sanyi iska ce, da ɗan makulli ake fitarwa. Iyakarka kenan, murfin boila ba naka bane. In kuma injiniya ya manna mata takardar kar a kunna, to kar a kunna.

Kafin a dawo da shi wace hita zan saya? Wacce tafi rashin cin wuta?

Gaskiyar da masu talla basa faɗa: duk hitar lantarki ɗaya ce wurin maida wuta zafi, ta fam 15 da ta fam 150. Abin dubawa lambar da ke jikinta. Mai 2000W tana shan yunit biyu a awa. A ce yunit kwabo 25 ne, awa shida a rana fam 3 kenan, wata fam 90, ɗaki ɗaya tal. Yunit ɗin wuta ya kai wajen ninki huɗu na gas, shi yasa wanda ya ce zai bar gas ya koma hita don tsimi yawanci kuka yake dawowa da shi.

Bambancinsu a hali ne. Mai fanka nan take take ɗumama ɗaki, kana kashewa sanyi ya dawo, ga ƙara. Mai mai a ciki, wadda ta yi kama da rediyeta mai taya, tana jan lokaci amma tana riƙe ɗumi kuma tana kashe kanta in ɗaki ya yi, ni ita nake zaɓa wa mai yara. Mai jan haske ɗin nan wanda ke gabanta kawai take gasawa.

Kowacce ka saya, a soket ɗin bango kai tsaye, banda ekstenshan, narkewa yake. Tazarar mita ɗaya daga labule da gado. Kada a shanya mata kaya, na san ana yi, uwargida a daina. Kuma ku tattara a ɗaki ɗaya ku rufe ƙofa, a tusa tsumma a ƙasan ƙofar, ba lokacin kowa da ɗakinsa bane.

Abin da yafi komai arha kuwa bargon lantarki ne, wajen 100W, awa shida bai wuce kwabo 15 ba a lissafin nan namu. Sai jakar ruwan zafi, amma ba da tafasasshen ruwa ba, kuma ba a sa wa jariri. Jariri ɗakinsa tsakanin 16 da 20 ake so, manya kuma hukumomin lafiya sun ce kar ɗaki ya gaza 18, musamman tsofaffi da masu hawan jini ko asma.

Hajiya ta zo mana daga gida, tace a samo gawayi a sa a kasko kamar yadda ake yi da hunturu. Na gasa nama muke da shi, ba zai yi ba?

Ka ba Hajiya haƙuri, ka ce ni na ce a'a. Duk tambayoyin nan wannan ce take hana ni barci. Ko a gida kasko yana kashe mutane a ɗakin da aka rufe, kowa ya taɓa jin labarin waɗanda aka wayi gari an tarar. Abin da ke cetonmu a can shi ne ɗakunanmu na shan iska, ta ƙasan ƙofa ta saman kwano ta taga. Gidan Ingila kuwa an gina shi ne don kar iska ta fita, gilashi biyu, roba a bakin ƙofa, kamar kula. Gawayi yana fitar da kabon monoksaid, iskar da ba launi ba wari ba ɗanɗano, ko bayan wutar ta lafa ta zama toka-toka yana ci gaba da fitarwa. Mutum zai ji ciwon kai, jiri, tashin zuciya, kasala, sai ya ce mura ce bari ya ɗan kwanta. Alamar da zaka gane ita ce duk gidan kuna jin abu ɗaya, kuma in kun fita waje sai ku ji sauƙi. In haka ta faru kowa waje, a kira 999, lambar gaggawa.

Haka kunna murhun girki ko buɗe obin don ɗumama kicin, haka shigo da janareto ko murhun zango cikin gida. Har turaren wuta, mata ku ji, ƙaramin gawayi ɗaya na ƴan mintuna da taga a buɗe daban, amma a cika kasko a rufe ɗaki don kaya su kama ƙamshi a zauna a ciki, wannan wasa da rai ne, ga na lantarki nan ana sayarwa. Kuma na sha shiga gidaje na ga an sa wa na'urar hayaƙi safa ko an cire batir saboda turare yana tada ta. A mayar.

Na'urar da ke jin kabon monoksaid daban take da ta hayaƙi. A Ingila tun Oktoban 2022 dole mai gida ya sa ta a ɗakin da boila take. In babu ka tambaya, ko ka saya, bata kai kuɗin buhun shinkafa ba.

To hitar silinda fa, mai taya ɗin nan?

Tana da zafi sosai, amma sai da taga a ɗan buɗe, ba a kwana da ita, kuma yawancin takardun haya sun hana ta, benaye kuwa kar ma a fara. Ga jiƙa ɗaki, don gas in ya ƙone ruwa yake saki, sai ka ga gilashi na zufa bango ya fara baƙi. Baƙin nan ba ƙazanta ce kawai ba, shi ya kashe yaron nan ɗan shekara biyu a Rochdale a 2020, ɗan wasu ƴan Sudan, wanda aka yi dokar Awaab da sunansa. Don haka ko da wace hita kake, in an yi girki ko wanka ko shanya a ɗaki a buɗe taga na ƴan mintuna.

Daga titi ne aka yanke, duk layinmu babu. Akwai diyya?

Akwai. In ya wuce awa 24 ana biya, a 2021 aka ninka shi zuwa fam 60 na kowace awa 24, kuma ana ɗan ƙarawa da tsadar rayuwa. Yawanci ta kamfaninka yake biyowa. Abin kula, in sun gyara sai sun shiga gida-gida sun buɗe, in basu same ka ba kati zasu bari, gas ɗinka na rufe har ka kira. Masu aikin dare ku bar lamba a ƙofa ko makulli wurin maƙwabci.

Gidan nawa ne, ina tunanin in rabu da gas gaba ɗaya. Ya ka gani?

Ya danganta da gidan. In zaka koma hitocin bango na lantarki zalla, bil zai baka mamaki. Masu tara zafi da dare a tsarin Economy 7, awa bakwai na wuta mai arha, suna yi wa ƙaramin fulat, sai dai zuwa magariba sun huce. Na'urar da ake yayi yanzu ita ce hit fam, mai zuƙo ɗumi daga iskar waje, kamar firij ne aka juya, yunit ɗaya na wuta tana ba da wajen uku na zafi, kuma a Ingila da Wales tun Oktoban 2023 gwamnati na sa wa mai gida fam 7,500 a kuɗin sawa. Amma tsohon gidan bulo da iska ke shiga ta ko'ina sai an fara toshe shi, wataƙila a canza rediyetoci, a nemo inda tankin ruwan zafi zai zauna. Uwargida kuma a yi shawara da ita tun wuri, don tuƙin tuwo a murhun lantarki sai an koya, tukwanen dalma da aka taho da su daga gida ma basa kamawa a kan murhun indokshan, mai aiki da maganaɗisu.

In kun yanke shawarar, rufe hannun mita kawai baya tsayar da standin caj, sai ka sa kamfani sun zo sun cire mitar. Daga ranar kuma wata 12 ɗin nan ya fara ƙirgawa, in ya cika aka yanke daga titi, komawa sai da sabon haƙa.